Layi biyar da aka bari: sharhi a kan kuskuren Reinhart da Rogoff da darasin da aka ɗauka daga gare shi

Taƙaitawa

Wannan takarda sharhi ce a kan gardamar da ta tashi a shekarar 2013 bisa wani jadawali na masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff. Darasin da mafi yawan masu koyarwa suka ɗauka daga gardamar shi ne a bar Excel a koma ga rubuta umurni da R ko Python. A ganinmu wannan darasi rabi ne. Za mu nuna cewa kwafar jadawali karatu ne da yanke hukunci, kuma kayan aikin da ake yabawa suna da nasu hanyoyi na yanke alƙaluma a ɓoye, musamman idan jadawalin ya fito daga rahoton faransanci irin waɗanda muke aiki da su.

1. Gabatarwa

Kusan duk kundin bincike da ake gabatarwa a sassanmu, na nazarin ƙasa ne ko na tattalin arziki ko na zamantakewa, yana ɗauke da jadawali, wato abin da muka saba kira tablo. Mafi yawan waɗannan jadawalai ba ɗalibi ne ya tara alƙalumansu da kansa ba. Ya same su cikin wani rahoto, ya shata wurin da yake so, ya kwafa, ya manna cikin nasa aiki. Ranar kare kundi mallamai sukan tambaye shi inda ya samo jadawalin, shi kuma ya amsa da sunan rahoto da lambar shafi. Da wuya a tambaye shi yadda alƙaluman suka taso daga wancan shafi suka iso nasa, da abin da ya faɗi a kan hanya.

A nan za mu kira jerin kwance na jadawali «layi», jerin tsaye «ginshiƙi», mahaɗarsu kuma «gurbi». Ware yankin da za a kwafa ko a lissafa shi ne «shata». Alƙaluma za mu rubuta su yadda aka saba a rahotannin ƙasarmu: waƙafi kafin ɓarɓashin lamba (2,2), sarari tsakanin dubbai (17 138 707).

2. Abin da ya faru

A watan Mayu na 2010 mujallar American Economic Review ta buga wata gajeriyar maƙala ta Reinhart da Rogoff mai suna «Growth in a Time of Debt», cikin fitowarta ta takardun taron shekara, wadda ba a tantance ta yadda ake tantance sauran fitowar mujallar. Marubutan sun ɗauki ƙasashe 20 masu ci gaban masana'antu daga 1946 zuwa 2009, suka kasa shekarunsu gida huɗu bisa girman bashin gwamnati idan aka gwada shi da jimillar abin da ƙasa ke samarwa a shekara (PIB): ƙasa da kashi 30 cikin ɗari, 30 zuwa 60, 60 zuwa 90, da sama da 90. Matsakaicin bunƙasar tattalin arziki da suka samu a gidaje ukun farko shi ne 4,1 da 2,8 da 2,8. A gida na huɗu kuwa -0,1. Wannan lamba ta ƙarshe ita ce ta yi suna, domin ta nuna kamar akwai rami a bakin kashi 90. Ƴan siyasa masu goyon bayan tsuke kashe kuɗin gwamnati sun kafa hujja da ita, cikinsu har da Paul Ryan a majalisar wakilan Amurka da Olli Rehn a hukumar Tarayyar Turai.

Thomas Herndon ɗalibi ne mai neman babban digiri a jami'ar Massachusetts da ke Amherst lokacin da aka ba ajinsu aikin maimaita lissafin wata maƙala da aka riga aka buga. Ya zaɓi wannan, ya yi ta gwadawa lissafi ya ƙi fita, har ya roƙi marubutan suka aiko masa da fayil ɗinsu na Excel. A watan Afrilu na 2013 shi da mallamansa Michael Ash da Robert Pollin suka fitar da takardarsu, wadda daga baya aka buga a Cambridge Journal of Economics a 2014. Ga abin da suka samu.

Na ɗaya, kuskuren shata. An jera ƙasashen daga layi na 30 zuwa na 49, amma umurnin fitar da matsakaici ya tsaya a layi na 44. Layi biyar na ƙarshe, wato Danmak da Kanada da Beljik da Ostiriya da Ostareliya, ba su shiga lissafi ba.

Na biyu, shekarun da aka cire. Ba a sa 1946 zuwa 1950 na Ostareliya da Kanada ba, ba a kuma sa 1946 zuwa 1949 na Niyu Zilan ba, alhali shekaru ne na bashi mai yawa. Sai Niyu Zilan ta rage da shekara ɗaya tak a gida na huɗu, 1951, shekarar dogon yajin aikin ma'aikatan tashoshin jiragen ruwa, inda tattalin arzikinta ya ja baya da kashi 7,6. Da an haɗa shekaru biyar ɗin, matsakaicinta zai kasance wajen 2,6.

Na uku, hanyar auna nauyi. An ba kowace ƙasa nauyi ɗaya, komai yawan shekarunta. Shekara ɗaya ta Niyu Zilan ta yi daidai da shekaru 19 na Birtaniya, masu matsakaici 2,4.

Akwai kuma ƙaramin kuskure na kwafi: wajen ɗauko lambar Niyu Zilan daga shafinta zuwa shafin taƙaitawa, -7,6 ta koma -7,9.

Da aka gyara duka, matsakaicin gida na huɗu ya tashi daga -0,1 zuwa 2,2. Reinhart da Rogoff sun amsa kuskuren shata, amma sun kare kansu a kan sauran: sun ce shekarun da ba su sa ba, alƙalumansu ba su kammala ba lokacin da suka yi rubutun, kuma hanyarsu ta auna nauyi sananniya ce.

3. An bar jaki ana dukan taiki

Abin da ya rage a bakin mutane shi ne «kuskuren Excel». Amma bisa lissafin Herndon da abokansa, kuskuren shata ya rage matsakaicin gida na huɗu da kimanin 0,3 kawai, cikin giɓin 2,3 da ke tsakanin -0,1 da 2,2. Mafi girman giɓin ya fito daga shekarun da aka cire da hanyar auna nauyi, da yadda biyun suka haɗu a kan shekara ɗaya ta Niyu Zilan. Waɗannan biyu hukuncin mai bincike ne. Da an rubuta lissafin da R, da shekarun nan sun ɓace cikin umurni mai tsabta, kuma ba wanda zai yi dariya.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya ga ɓangaren da aka soka. Lambobin da aka gyara, 4,2 da 3,1 da 3,2 da 2,2, har yanzu suna nuna bunƙasa ta fi rauni inda bashi ya fi yawa. Ramin da ke bakin kashi 90 shi ne ya cike. Tambayar ko bashi ne ke rage bunƙasa ko raunin bunƙasa ne ke tara bashi, jadawalin nan bai amsa ta ba, kafin gyara ko bayansa. Ɗalibin da ya ce an rushe maƙalar gaba ɗaya ya wuce abin da masu sukar suka nuna.

Darajar aikin Herndon, a ganinmu, tana wuri biyu: ya ƙi yarda da lambar da ya kasa fitarwa da hannunsa, kuma ya nemi ainihin fayil. Shekaru uku maƙalar tana yawo cikin majalisu, kuma abin da ya tona kuskuren shi ne duba gurbi ɗaya a ga iyakar da aka shata. Excel bai ɓoye komai ba. Iyakar tana rubuce cikin gurbin. Matsalar ita ce ba wanda aka ba damar dubawa.

Duk da haka masu cewa a koma ga rubuta umurni suna da hujja ɗaya mai ƙarfi. Shatar da aka yi da linzamin kwamfuta aka kwafa aka manna ba ta barin sawu. Bayan wata shida mai aikin kansa ba zai iya cewa daga wane layi ya fara ba. Umurnin da aka rubuta kuwa yana nan, ana iya karanta shi, a sake gudanar da shi, a yi gardama a kansa. Wannan riba ce ta gaske. Sai dai barin sawu daban, yin daidai daban. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta sanar cewa mutum 15 841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona ba su shiga rahoto ba tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba. A nan ba hannun mutum ne ya kuskure ba: tsari ne mai aiki da kansa yake zuba sakamakon ɗakunan gwaji cikin tsohon nau'in fayil na XLS, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65 536, abin da ya wuce nan sai ya zube shiru.

4. Jadawali a kan teburinmu

Reinhart da Rogoff sun fara da alƙaluma da ke cikin gurabensu. Mu kuwa sau da yawa mukan fara da rahoton PDF na faransanci, wani lokaci ma hoton shafi. Domin a ga inda kayan aikin ke tuntuɓe, bari mu ɗauki jadawali ɗaya da kowa ya sani, sakamakon ƙidayar jama'a ta 2012 da ma'aikatar ƙididdiga ta ƙasa (INS) ta fitar: Agadas 487 620, Difa 593 821, Doso 2 037 713, Maraɗi 3 402 094, Tawa 3 328 365, Tilaberi 2 722 482, Damagaram 3 539 764, Yamai 1 026 848, jimilla 17 138 707.

4.1. Shatar ginshiƙi cikin editan rubutu

Editocin rubutu irin Vim da Emacs da Notepad++ suna ba da damar shata ginshiƙi a tsaye, kamar a yanka akwati cikin shafi: a Vim da Ctrl-V, a Notepad++ ta hanyar riƙe Alt ana jan linzami. Dabara ce mai amfani, ta fi sake buga lambobi da hannu sauri da aminci. Amma akwatin yana ƙirga haruffa ne, ba ya ƙirga ma'ana. Lambobin jadawalinmu an daidaita su ta dama, kuma layi biyu na farko, Agadas da Difa, ba su kai miliyan ba. Wanda ya auna faɗin akwatinsa da layin farko zai yanke miliyoyin sauran jahohi shida. Maraɗi za ta koma 402 094, Yamai 26 848, Tilaberi ta zama jaha mafi yawan jama'a, jimilla kuma 3 138 707. Ba saƙon kuskure da zai fito, kuma kowace lamba tana da kamannin lamba. A jadawali mai layi takwas ido zai kama wannan. A jadawalin ƙananan hukumomi mai ɗaruruwan layi, inda ba mu san lambobin da ka ba, ido ba zai kama ba.

4.2. Waƙafi da sarari

Kayan aikin da ake raba ginshiƙai da su an ƙera su bisa al'adar rubutun ingilishi. Manhajar awk, wadda Aho da Weinberger da Kernighan suka rubuta a 1977, tana raba layi a duk inda ta ga sarari. A wurinta 3 402 094 gurabe uku ne, 487 620 kuma biyu, saboda haka «ginshiƙi na uku» abu ne daban a kowane layi. Idan kuma aka ba ta 12,5 aka ce ta yi lissafi, a yanayinta na asali sai ta ɗauki 12 ta yar da sauran ba tare da gargaɗi ba. Fayil ɗin CSV yana raba gurabe da waƙafi, shi ya sa Excel na faransanci ke ajiye shi da waƙafi mai ruwa (;). R yana da read.csv2 domin wannan, pandas na Python kuma sai an faɗa masa alamar rabo da alamar ɓarɓashi da alamar dubbai. Ko an faɗa, sararin da ke tsakanin dubbai cikin rubutun faransanci sau da yawa ba sarari na kullum ba ne. Harafi ne daban a tsarin Unicode (U+00A0 ko U+202F) wanda ido ba ya bambantawa. Sai ginshiƙin ya shigo a matsayin kalmomi, kuma wanda ya tilasta mayar da shi lamba yana iya samun gurabe wofi.

4.3. PDF ba shi da jadawali

Fayil ɗin PDF, in ban da wanda aka yi wa alamomin tsari da gangan, yana ajiye haruffa da wurin da kowane zai zauna a shafi, da layukan da za a zana. Jadawalin da muke gani idonmu ne ke haɗa shi. Manhajoji irin pdftotext da Tabula da Camelot suna ƙoƙarin gano shi ne, ko ta bin layukan da aka zana, ko ta bin farin fili tsakanin lambobi. Sukan yi kyau a jadawali mai sauƙi, sukan ruɗe inda kan ginshiƙi ya hau biyu, ko suna mai tsawo ya karye zuwa layi na biyu, ko jadawali ya tsallaka shafi. Lambar bayanin ƙasan shafi takan manne da alƙalami, 45 mai ɗan 2 a sama ta zama 452. Shafin da aka ɗauka hoto kuwa Tabula ba ta karanta shi ko kaɗan, sai an bi ta manhajar gane haruffa. Sabbin manhajoji na ƙirƙirarriyar basira suna karanta hoton jadawali da sauri, amma inda lamba ta dushe suna iya cike gurbin da wadda ta yi kama da gaskiya, kuma tambaya ɗaya ba kullum take ba da amsa ɗaya ba.

4.4. Sunaye da iyakoki

Wanda ya nemi layukan da ke ɗauke da kalmar Niger cikin jadawalin ƙasashen duniya zai samu na Nigeria tare da su, domin sunan farko yana cikin na biyu. Lambobin ƙasashe ma tarko ne: a tsarin ISO, NE ita ce Nijar, NG Najeriya, a tsohon tsarin FIPS na Amurka kuwa NG ita ce Nijar, NI Najeriya. Haɗa jadawali biyu da ba tsari ɗaya suka bi ba zai ba Nijar alƙaluman maƙwabciyarta. Lambar Namibiya a ISO ita ce NA, wadda R da pandas suke karantawa a matsayin «babu bayani» idan ba a hana su ba.

Mafi muhimmanci a gare mu shi ne sauyin iyakoki. A ƙidayar 1988 kalmar département tana nufin abin da yau muke kira jaha, abin da ke ƙarƙashinsa kuma arrondissement. A yau département gunduma ce cikin jaha. Sannan a 2011 gundumomi sun tashi daga 36 zuwa 63: an fitar da Gazawa daga Agye, Barmo daga Dakwaro, Dungas daga Magarya, Malbaza daga Ƙwanni. Umurnin da ya haɗa ƙidayar 2001 da ta 2012 ta hanyar suna zai gudana lafiya, ya gwada Magarya ta da, wadda Dungas ke cikinta, da Magarya ta yanzu. Wannan ɗan'uwan shekarun Niyu Zilan ne: kowace lamba daidai take, abin da aka zaɓa a gwada shi ne ba daidai ba. Babu manhajar da za ta gano haka, sai mai binciken da ya karanta gabatarwar rahoton.

5. Shawara

Ba mu da ja da koya wa ɗalibbai R ko Python, kuma muna ganin ya kamata kowane mai bincike ya iya buɗe fayil cikin editan rubutu ya ga abin da ke ciki tsirara. Abin da muke ƙarawa abu huɗu ne, kuma ba ɗaya cikinsu da ke buƙatar kuɗi.

a) A ajiye asalin fayil ba tare da an taɓa shi ba, tare da ranar da aka samo shi da lambar shafi. Duk gyara a yi shi a kan kwafi.

b) A rubuta kowace shata. In da umurni aka yi, umurnin ya isa. In da hannu aka yi, a rubuta cikin ɗan fayil: daga layi kaza zuwa kaza, ginshiƙi kaza, an bar kaza saboda kaza. Layin da aka bari da dalilin barinsa shi ne bayanin da mai karatu ya fi buƙata.

c) A gwada abin da aka kwafa da asalinsa ta hanyar ƙirga da tarawa. Layi nawa ne a asali, nawa suka iso? Jimillar da rahoto ya buga kyauta ce ga mai kwafi: idan jahohi takwas ba su ba da 17 138 707 ba, an yi kuskure. Da Reinhart da Rogoff sun sa gurbi ɗaya da ke ƙirga ƙasashen da iyakar lissafi ta ƙunsa, da sun ga 15 inda suke tsammanin 20.

d) A miƙa waɗannan fayiloli tare da kundi, kuma ɗaya daga cikin mallaman kwamitin tantancewa ya zaɓi jadawali guda ya bi sawunsa daga asali zuwa shafin da aka buga.

Za a iya cewa wannan ƙarin nauyi ne ga mallamai masu kula da kundaye da yawa. Gaskiya ne. Amma bin sawun jadawali ɗaya aikin sa'a guda ne idan ɗalibi ya yi (a) da (b) da (c), kuma in ya gagara cikin sa'a guda, wannan kansa sakamako ne da ya kamata kwamiti ya sani.

6. Kammalawa

Gardamar 2013 ta fi amfani idan aka karanta ta a matsayin labarin zaɓi: wane layi ya shiga, wace shekara aka bari, wane nauyi aka ba kowa. Ɗaya daga cikin zaɓin nan kuskuren hannu ne, sauran hukunci ne da ba a bayyana shi yadda mai karatu zai iya auna shi ba. Rubuta umurni yana maganin na farko sau da yawa, yana kuma sa na biyu a fili idan an buga umurnin. Bai ɗauke wa kowa karanta rahoto da tara ginshiƙi ba. Alƙaluman da ɗalibbanmu ke kwafa yau, na jama'a da ruwan sama da farashin hatsi, su ne waɗanda wasu za su kwafa daga kundayensu gobe ba tare da komawa ga asali ba. Muna fata sashe zai tattauna shawara ta (d) a taronsa na gaba, a fara gwada ta da kundayen shekara ɗaya.